Awon Ƙofar Zauren Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a guruf ɗin nan ina karanta na mutane ina yin shiru, ko sharhi ban taɓa ajiyewa ba. Yau ga ni da nawa. In kun ga kuskure ku gyara mini a hankali. Sunana Mubaraka, a Ƙauran Namoda nake zaune, kuma labarin wani mutum zan ba ku da ake so in aura, mutumin da ya iya gina gida sukutum a cikin kwamfuta amma bai iya buɗe baki ya faɗi magana ɗaya mai amfani ba.

Mu ba 'yan Ƙaura ba ne. Garinmu Tungar Ɗanbaba, can bayan Galadi, kuma babu kowa a cikinsa yanzu. Mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka tashe mu suka sa wa garin wuta, muka fito da abin da ke jikinmu. Babana Malam Jibrin, wanda ya saba da zaure da rumbuna da turken shanu, ya koma ɗan haya a ɗaki biyu bayan tsohuwar tashar jirgi. Tun da muka zo ya daina dariya. Zai shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ya kara rediyo a kunne, in aka ambaci Shinkafi ya ƙara murya, in aka wuce ya rage. Inna ba ta hana shi, sai dai ta tura ni in kai masa kunu.

Abu ɗaya ne ya rage mana na gidan, wani hoto. An ɗauke shi shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kafin a haife ni. Baba ya je taron Gusau ya dawo da farar babbar riga da sabuwar hula, ya ƙi cirewa sai da mai hoton da ke yawo ranar kasuwa ya biyo shi har gida. Yana zaune a kan buzu bakin dakali, ƙafa a harɗe, bayansa ƙofar zaure da ƙyaurenta na itace, bango ya miƙa gefe har kusurwa. Hoton ya koɗe ya yi kalar shayi. Dalilin da bai ƙone ba kuwa, ƙanwar Baba, Gwaggo Hindu, ta ɗauke shi tun tuni da sunan aro, irin aron da take yi wa tukwanen Inna.

Gwaggo Hindu ce ta kawo mini Imrana. Ɗan aminiyarta ne. A Ƙaura aka yanke masa cibiya, amma ɗan zaman da ya yi a Kano wajen masu haɗa fim ya sa ya dawo da wata Hausa mai laushi, kowace jimla sai ya liƙa mata "kin gane ko?" Yana da shago a titin kasuwa, yana gyara bidiyon biki da buga katin gayyata, sai dai kada ki kuskura ki ce masa mai editin biki. Shaddarsa kullum da sitaci kamar kwali, gilashin idonsa ba na magani ba ne, turarensa kuwa yakan riga shi shigowa lungu, ya kuma daɗe bai bi shi ya fita ba. Gimbiya yake ce mini. Ni da nake wanke-wanke da kwalin omo da aka yanka biyu.

Baba ya ce zaɓi nawa ne, ba zai tura ni inda ba na so ba. Amma ku da kuka san gida kun san yadda ake yi. Ba wanda zai ce dole, sai dai kowa ya riƙa kallon ki kamar kin riƙe mabuɗin banɗaki.

Abin da ya fi burge su da Imrana shi ne kunya. Ba ya haɗa hanya da Baba ko da wasa. In ya zo zance muna tsaye a bakin ƙofa, ya ji tarin Baba daga kwanar lungu, sai ki ga ƙato da shadda ya durƙushe bayan mashin kamar wanda ya yar da allura. Gwaggo ta ce, "Kin ga ɗa mai tarbiyya? Yaran yanzu har hannu suke ba surukai!" Saboda haka duk maganar da za ta tashi daga bakin Imrana zuwa kunnen Baba sai ta bi ta wurin Gwaggo, kuma Gwaggo ba ta taɓa isar da saƙo yadda aka ba ta ba. In kin ce ta ce "sannu", za ta isa da "Allah ya ba da haƙuri".

A falon Gwaggo Imrana ya ga hoton. Washegari saƙo ya shigo wayata:

"Gimbiya, zan yi wa Baba kyautar da ba a taɓa yi wa suruki ba a duk Zamfara. Zan mayar da shi gidansa."

Na rubuta, "Da sojoji?"

Ya turo mini fuskar dariya har guda uku. "Da kwamfuta, kin gane ko?"

Na ɗauka irin alkawarin samari ne, wanda ke bushewa kafin a sha ruwa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar sai ga Gwaggo ta shigo da leshinta ruwan goro, mayafi na jan ƙasa, waya a sama kamar ta ɗauko wuta. "Yaya! Yaya Jibrin, taso ka ga abin al'ajabi!" Ashe a wani taron suna ta laɓe ta ɗauki Baba bidiyo yana tafiya, ta kai wa Imrana, shi kuma ya yanko Baban ya saka shi a cikin tsohon hoton.

Muka taru a kan tabarma, ni da Inna da Baba. Ba zan yi muku ƙarya ba, da aka kunna sai da gabana ya faɗi. Hoton nan da na sani a sandare, sai ga shi ya motsa. Bango ya matso, dakali ya zame gefe, ƙofar zaure tana tahowa kamar ni ce nake tafiya zuwa gare ta. A dakalin nan na koyi karatu. Na ji hancina yana neman warin turke.

Sai Baba na yanzu ya shigo daga gefe, da furfurarsa da sandarsa. Kansa ya wuce rufin zaure. Ya taka zuwa ƙofa kamar raƙumi zai shiga akurki, ƙirjinsa ya nutse cikin bango, hularsa tana yawo a saman soro ita kaɗai.

Sai na ji wani sauti da na manta da shi. Baba ne yake dariya, har da riƙe ciki. "Kai! Hindu, yaushe niy yi wanga tsawo? Wanga ai basamude ne!"

"Akwai na biyu, Yaya."

A na biyun Baba ya koma ɗan mitsitsi, kansa bai kai dakali ba, yana tafiya a gaban Baban da ke zaune kamar ɗan da aka aika sayen ashana. Inna ta rufe baki da gefen zane, hawaye na zuba. Ni ma na yi dariya, Allah ya gani. Aka maimaita, aka sake maimaitawa. A hankali dariyar Baba ta ƙare, ya karɓi wayar da hannunsa, ya sa yatsa a kan ƙofar ya tsaya.

"Mi yar rage ya yi daidai?"

"Abu kaɗan," in ji Gwaggo. "Yaron ya ce awon ƙofar ɗai yake nema. In ya san faɗinta na gaskiya, za ka shiga zaurenka da ƙafarka, kanka bai taɓa komai ba."

"Ai sunkuyawa akai a shiga."

"Ya ce shi ba ya aiki da ƙiyasi, Yaya. Sai da tef."

Baba ya miƙa mata wayar ya koma wurin rediyonsa, amma bai kunna ba.

Gwaggo ta biyo ni madafa tana gyara ɗan kunne. "Ke wagga ɗiya, kin ga ubanki ya yi dariya? Wa yas sa shi? Bayan wanga kuma da wane baki za ki ce a'a?" Na ci gaba da kankare tukunya. Na karanta littattafai da yawa, kuma a cikinsu yarinya kan juyo ta ba da amsa mai zafi. Ni dai sai na ce, "To, Gwaggo."

Bayan kwana kaɗan ina wankin rigunan Baba na ji wani abu a aljihun gaba. Tef ne na tela, ruwan ɗorawa, sabo fil, an naɗe shi an ɗaure da zare. Baba bai taɓa ɗinka ko maɓalli ba. Na tsaya da kumfa a hannu ina kallon sa, sannan na sa masa shi a aljihun rigar da ke rataye a ƙusa. A ranar kuma na ji shi a bakin ƙofa yana tambayar Zubairu, wani ɗan garinmu magidanci da ke kabu-kabu, wai hanyar bayan Galadi ta yi sauƙi ne yanzu. Zubairu ya ce, "Rana-rana dai, Malam." Ku da ke yankin nan kun san abin da rana-rana take nufi. Wata ranar a wuce, wata ranar a tara kuɗin fansa.

Na ɗauki waya na rubuta wa Imrana.

"Imrana, ka ce wa Gwaggo aikin ya kammala, ba ka buƙatar awo."

"Ai bai kammala ba, Gimbiya."

"Baba zai tafi Tunga saboda maganarka."

"Haba dai! Baba babba ne, ba zai yi haka ba. Kin ci abinci?"

Kin ci abinci. Na kalli kalmomin nan har allon wayar ya mutu.

Da safe na zura doguwar hijabina ruwan toka, na ce wa Inna zan je sayen zare, na nufi shagonsa. Ban taɓa zuwa ba. Na tsaya daga bakin ƙofa, ban shiga ba. Ciki fanka na juyawa, bango cike da hotunan amare, shi kuma yana kan kujera mai juyi gaban allon kwamfuta mai faɗin tire. Ya zabura yana gyara hula. "Gimbiya da kanta! Yau shagon nan ya yi albarka."

"Nuna mini abin da ya hana."

Bakinsa har kunne. Ina jin tun da ya dawo daga Kano yake jiran wanda zai ce ya nuna masa. Ya juyo da allon. Hoton gidanmu ne, amma an zane shi da layuka, ja da kore da shuɗi, sun ratsa fuskar Baba kamar an ɗaure shi da igiya.

"Kin ga jan layin nan? Na bi saman bango da shi. Wancan kuma na bi gindin dakali. A fili ba za su taɓa haɗuwa ba, amma a hoto sai sun haɗu can nesa, kamar ƙarfen titin jirgi in kin tsaya a tasha kin hango. Wurin da suka haɗu shi ke gaya wa kwamfuta inda mai hoton ya tsaya, da ko a tsaye yake ko a durƙushe, da irin gilashin kyamararsa. Sai in ɗauko tawa kyamarar ta cikin kwamfuta in ajiye daidai wurin. In ta zauna, sai in gina bango a ciki in lulluɓa masa hoton, in yi tafiya da kyamarar. Kin gane ko?"

Abin haushi, na gane. Har na so in tambaye shi shuɗin layin na mene ne, na haɗiye.

"To ai ka ajiye ta."

"Na ajiye, da ƙyar. Maginan ƙauye ba su san kusurwa ba, bangon duk a karkace, layi ya ƙi bin layi."

Baba da ƙannensa suka yi bangon da hannunsu. Ban gaya masa ba.

"Matsalar," ya ci gaba, "hoto ba ya faɗin girma. Kwamfuta ba ta san ko ƙofar nan ta akurkin kaji ce ko ta garejin tirela ba. Da Baba a tsaye yake a hoton, da na auna da tsawonsa. To a zaune yake, babbar riga ta rufe komai. Awo ɗaya na gaskiya, shi ke nan, komai zai zauna daram."

"Ka ja Baban ka rage shi har ya yi daidai a ido. Ya ce sunkuyawa ake yi a shiga."

Ya cire gilashin da ba na magani ba ya goge. "Wannan aikin masu editin biki ne. Ni so nake in kai shi Kano a gani. Akwai waɗanda da sun kalla za su san an yi ƙiyasi."

Ashe Kano za a kai. Ashe ba Baba ake yi wa ba.

Na ce, "To faɗinta kamu huɗu ne. Rubuta."

"Wa ya auna?"

"Ni."

"Kamun wa? Naki ko na Baba?" Ya yi murmushi irin na malamin da ya kama ɗalibi da satar amsa. "Gimbiya ke nan."

Na ce, "Imrana, tef na gani a aljihunsa. Ya tambayi Zubairu hanya. Ka zo yau bayan la'asar, ka durƙusa a gabansa, ka ce da bakinka ba ka son awon. Kai kaɗai zai ji, don kai ka nema."

Ya ja kujerar baya kamar na watsa masa ruwan zafi. "Ni? Gaban Baba? Haba Mubaraka, ina zan kai idona? Me mutane za su ce? Tun ba a kai gaisuwa ba in zauna ina musu da suruki?"

"Ba musu na ce ba."

"A'a wallahi, da kunya. Zan gaya wa Gwaggo ta faɗa masa. Ai duk ɗaya ne."

Na dube shi tun daga hula har takalminsa mai ƙyalli. Mutum ya iya gano inda wani mai hoto ya tsaya tun kafin a haife ni, har ya san a durƙushe yake, amma bai san inda shi ya kamata ya tsaya ba. Na juya. Ya biyo ni da murya, wai in tsaya a kawo lemo.

Gwaggo ta iso da yamma, wannan karon da atamfa mai ganyen ayaba da jakar hannu da ba ta taɓa buɗewa. Ina daga ɗaki ina jin su ta labule. Na riƙe numfashi ina addu'a ta faɗa yadda aka ce mata, sau ɗaya a rayuwarta.

"Yaya, yaron nan ya ce in ba ka haƙuri. Ya ce kada ka wahalar da kanka, ya san jiki ya yi nauyi, hanya kuma ba ta tsofaffi ba ce. Wai zai yi maleji da abin da yas samu."

Na runtse ido.

"Maleji," in ji Baba a hankali. "A gidana za a yi maleji."

"Tausayinka ɗai yake ji, Yaya. Ka ga yaron kirki."

"Na gode mashi."

Baba ya ci tuwonsa tas a daren, har ya nemi ƙari, abin da bai taɓa yi ba tun zuwanmu Ƙaura. Inna ta yi murna. Ni kuwa na je na durƙusa kusa da tabarmarsa na ce, "Baba, hoton nan wasa ne fa, ko ba a gyara ba ya yi kyau." Ya dafa kaina ya ce, "Na sani, ɗiyata. Je ki kwanta." Na laluba aljihun rigar da ke rataye a ƙusa, tef ba ya nan. Na gaya wa Inna, ta ce in bar zargin ubana, mutum ya fara cin abinci kuma zan sa masa ido.

Ranar Alhamis ya ce zai leƙa kasuwar Shinkafi ya ga mutanen garinmu da ke taruwa can. Ya sa tsohuwar rigarsa ta saƙi da takalmin roba, ba na fata da yake zuwa kasuwa da shi ba. Na tare bakin ƙofa da kofin kunu a hannu, ina neman kalmar da zan faɗa. Yarinya ba ta ce wa ubanta ƙarya kake yi. Ya karɓi kunun ya shanye, ya miƙo mini kofin, ya hau mashin bayan Zubairu.

Hantsi ya yi na kira wayar Baba, tana shiga bai ɗauka ba. Kafin azahar ta daina shiga. Na kira ta Zubairu, ita ma a kashe. Na rubuta wa Imrana, "Baba ya tafi."

"Eh, Gwaggo ta gaya mini tun jiya. Insha Allahu lafiya zai dawo, kin gane ko? Ki yi ta addu'a."

Tun jiya. Ya kwana da sani, ya tashi ya yi wanka ya fesa turare ya buɗe shago.

Na kai wa Inna wayar ta karanta. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta zauna a bakin rijiya. Gwaggo da ta zo cin abincin rana ta fara cewa ai Yaya ba yaro ba ne, ai ita ma ta so ta hana shi, ai hanya ta yi sauƙi kwanan nan. Tuwon ya huce a kwano, ƙudaje suka samu.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Baba.

"Mubaraka? Kina ji na? Na hau tudun makaranta, nan ɗai ake samun sabis." Muryarsa tas, kamar ta saurayi. "Ƙofar tana nan! Ƙyauren ɗai suka ƙone. Ɗauko biro ki rubuta ma yaron."

Ya faɗi faɗi, ya faɗi tsawo, ya maimaita a hankali yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Wallahi ko ɗaya bai zauna a kaina ba. Kunnena yana can bayan muryarsa, ina sauraron ko zan ji ƙarar mashin. Ba komai sai iska da kukan wata kurciya.

"Baba, ba Zubairu wayar."

"Na sallame shi, yana da iyali, rana tana yi."

"Baba, to kai fa?"

"Ki hwaɗa ma Innarki rufin ɗakinta bai zube ba. Sabara ɗai tat tsiro tsakar gida, na hwara sarewa. Rijiya ma da ruwa." Ya yi wata 'yar dariya. "Ki ce ma yaron ya yi aikinai da natsuwa, kada ya yi maleji. In yana son wani awo, ina nan."

"Baba, don Allah..."

Ta yanke. Na sake kira, na sake, matar nan ta kamfani tana ta ba ni haƙuri.

Inna ta ji komai, don a buɗe na sa muryar. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa murza gefen zaninta tana kallon ƙasa. Gwaggo Hindu, karo na farko tun da na san ta, bakinta a rufe.

Sai wayar ta yi ƙyas.

"Gimbiya, na ji an ce Baba ya kira. Alhamdulillah! Nawa ya samu?"

Na san wasunku za su ce abin da na yi ba daidai ba ne, ɗan wani ne shi ma, uwarsa tana son sa. Na sani. Amma a lokacin ko gezau ban yi ba. Na rubuta:

"Ban riƙe ba. Yana can Tunga da tef ɗin, ya ce in kana son awo yana nan. 'Yan kabu-kabu na tashi daga bakin tasha da sassafe. Ka je ka durƙusa a gabansa, ka ɗago ido ka ce ya taso, ka dawo mini da shi. In kun shigo lungun nan tare, ka turo magabatanka, na amince. In ka aika Gwaggo, ka goge lambata."

Na karanta wa Gwaggo da ƙarfi kafin in tura. Ta buɗe baki, Inna ta ɗago ta kalle ta, ta mayar ta rufe. Na danna.

Alama biyu suka yi shuɗi nan take. A saman allon aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. An yi magariba, na ɗauke tabarmar Baba daga gindin dogon yaro na kai ɗaki, na shigar da rediyon, na dawo na duba. Mutumin da bai taɓa rasa abin turo mini ba, har yanzu yana rubutu.